Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Ikilisiyoyin Ƙasar Zuru

Zuwa ga iyayenmu Rabaran-Rabaran, Fada-Fada, fastoci, masu bishara, dattawan ikilisiya da shugabannin zumuntar mata na ƙasar Zuru da kewaye,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka danƙa a hannunku. Ni ɗanku ne, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare. Ba a ɗora mini hannu ba, ban kuma taɓa zama a ajin tauhidi ba, saboda haka ina roƙon gafararku tun da wuri idan na taka inda ba hurumina ba. Na zaɓi in rubuta a fili maimakon in bi ku gida-gida domin maganar ta shafe ku ne gaba ɗaya, kuma, in faɗi gaskiya, na daɗe ban ga inda kuka zauna gaba ɗaya ba sai a wurin jana'iza.

Bari in fara da laifina, tunda na san labarinsa ya riga ya kai kunnen wasunku. Kusan shekara uku ke nan, duk daren Asabar nakan rataya farin zanen gado a bangon tsakar gidana, in haɗa ƙaramar majigi da batirin sola, matasan unguwa su jera benci da tabarmi mu kalli fim. Yawancin abin da muke kallo finafinan ƙagen kimiyya ne, wato labaran kumbo da 'yan sama jannati, da mutum-mutumi masu magana, da tafiya zuwa wasu duniyoyi. Na fara ne don ɗalibaina, domin na lura yaron da ya yi barci a aji lokacin da nake bayanin ƙarfin jan ƙasa, shi ne zai tsare ni da tambaya har dare ya raba idan ya ga mutum yana shawagi a cikin kumbo, ruwan shansa ya zama ƙwallo yana yawo a gaban hancinsa. Sannu a hankali aboki ya jawo aboki. Yanzu a benci ɗaya za ka tarar da ɗan UMCA da ɗan ECWA, ga 'yar Katolika da ƙanenta, ga ɗan Baptis, ga yaran sababbin majami'un Fentikos waɗanda ba sa rabuwa da jita. Ban gayyaci kowa da sunan ɗarikarsa ba, ban ma san ta wasu ba sai daga baya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ba da shirina ba. Saboda halin tsaron da muke ciki, mai ɗakina ta ce ba za a riƙa sallamar 'ya'yan mutane cikin dare haka kawai ba, a yi addu'a kafin kowa ya kama hanya. Daren farko aka rasa wanda zai yi, kowa yana jin nauyin ɗan'uwansa, sai muka ce to a yi Addu'ar Ubangiji tare. Muna kaiwa wurin roƙon a cece mu daga mugun, sai yaran Katolika suka ce amin suka yi alamar gicciye, saura kuwa suka zarce da cewa mulki da iko da ɗaukaka nasa ne har abada. Aka buɗe ido ana kallon juna, sai dariya ta ɓarke. Wani yaro ya tambaya da zuciya ɗaya ko su an rage musu addu'ar ne, yarinyar ta amsa masa cewa su ma suna faɗin wannan sashe a lokacin Mas, bayan Fada ya ƙara wata gajeriyar addu'a a tsakani. Tun daga ranar, idan an zo gurbin sai kowa ya ɗan dakata, 'yan Katolika su jira, a ƙarasa tare. Yara ne suka sasanta wannan a tsakaninsu cikin minti biyar, ba kwamiti, ba takarda.

Ba da daɗewa ba wani dattijo da nake girmamawa ƙwarai ya kira ni gefe bayan sujada, ya ce ya ji ina tara yara ina nuna musu aljanu, kuma ina cakuɗa su da waɗanda koyarwarsu ta saba wa tamu. Ban yi masa musu a tsaye ba, domin ba tarbiyyarmu ba ce, amma maganar ta kwana da ni. Zargi biyu ne a ciki, kuma da na auna sai na ga na biyun ya fi na farkon nauyi a zuciyarsa.

Game da na farko, ban ce duk abin da aka sa wa sunan ƙagen kimiyya mai kyau ne ba. Akwai na tsiraici, akwai na zubar da jini kawai, akwai kuma wanda ke koyar da cewa mutum zai ƙera wa kansa rai madawwami da injin, ba ya bukatar Mahalicci. Irin waɗannan ina kallonsu ni kaɗai tukuna, mafi yawa ba sa kaiwa ga zanen gadon. Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Amma ina roƙon ku bambanta tsakanin tsafi da tatsuniya. Kakanninmu sun ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo a dandali, ba wanda ya taso yana bauta wa Gizo. Wannan nau'in fim ma ba sabon abu ba ne, tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ya yi fim na mutanen da aka harba zuwa wata da igwa, shekara 67 kafin ƙafar ɗan'adam ta taka can. Kuma sararin samaniya ba gonar marasa bangaskiya ba ce. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka lissafa cewa sammai suna ta faɗaɗa, Georges Lemaître, Fada ne ɗan ƙasar Beljiyam, ya wallafa lissafinsa a 1927. C. S. Lewis, wanda fastoci da yawa ke ambatonsa a wa'azi, ya rubuta jerin littattafai uku na ƙagen kimiyya, na farkon a 1938. Shi kansa Dawuda, da ya ɗaga kai ya dubi wata da taurari a Zabura ta 8, tambayar da ta fito daga bakinsa ita ce, mene ne mutum har da Allah yake tunawa da shi. Wannan tambaya ce nake ji daga bakin yaran nan kusan kowane mako, ko da ba su san sun maimaita Zabura ba.

Sai dai ba don in kare majigina na rubuto ba. Akwai wani abu da finafinan nan suka nuna mini game da mu, wanda ya hana ni sakat.

Duk wanda ya kalli irinsu da yawa ya san wani salo da suke yawan maimaitawa. Ƙasashen duniya suna ta gaba da juna, kowa yana wasa wuƙarsa, sai kwatsam wasu baƙin halittu su sauko daga sama su fara rushe birane. Nan take maƙiyan jiya su zama 'yan'uwa, a haɗa jirage da makamai, a kori abokan gaba, a rungume juna, fim ya ƙare. Wata rana bayan mun gama irin wannan, wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malam, to gobe da safe fa, idan baƙin sun tafi?" Na yi shiru, domin fim ɗin bai nuna gobe ba, amma ni na san goben, ina zaune a cikinta. Haɗin kanmu na Kiristan ƙasar nan irin na fim ɗin ne. Ranar da 'yan bindiga suka faɗa wa wani ƙauye a Danko-Wasagu ko Sakaba, ranar da aka jera gawawwaki, ba wanda ke tambayar wanda ke kusa da shi a bakin kabari ko da yayyafi aka yi masa baftisma ko da nutsarwa. Fada ya yi addu'a, Rabaran ya karanta nassi, mata su rera waƙa ɗaya cikin hawaye. Bayan mako biyu kowa ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa, wani ma ya hau bagadi ya yi wa maƙwabcinsa habaici. Shin sai da gawa za mu iya tsayawa a gaban Allah tare?

Na halarci taron sujadar haɗin gwiwa da ba na makoki ba, ba zan ce ba a yi ba. Na ƙarshen da na je, an sa ƙarfe goma, ba a fara ba sai sha biyu saura, domin ana jiran wani babban baƙo. Kusan sa'a guda ta tafi wajen gabatar da manyan da ke kan dogon tebur, kowa da jerin laƙabinsa, an kuma ɗan yi ja-in-ja a kan wanda kujerarsa za ta kasance a tsakiya. An yi wa'azi da Turanci ga taron da rabinsa tsofaffi ne da manoma da suka taho a kan babur daga ƙauyuka. Ƙungiyoyin zumuntar mata da suka kwana biyu suna gwaji, suka ɗauko tulunansu na kiɗa a ka, an ba kowacce minti uku, ta ƙarshen ma ba ta samu ba saboda lokaci ya ƙure. Na dawo gida ina tunanin cewa mun zauna a inuwa ɗaya, amma ban tabbata mun yi sujada tare ba.

Abin takaicin shi ne iyayenmu sun bar mana gadon da ya fi wannan. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke tun 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da dama tare da wasu, kuma mishan daban-daban suka karɓe shi suka yi amfani da shi. Fassarar da ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970, wadda da yawanmu muka tashi da ita, Katolika da sauran ɗariku duk suna karanta ta. An kafa TEKAN a 1955, kuma sunanta ma da Hausa aka raɗa, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya ta kafu a 1976, daga baya ta tattara rukunai biyar a inuwa guda. Waɗanda suka manyanta a cikinku sun tuna zamanin Sabon Rai Don Kowa, lokacin da matasa daga majami'u dabam-dabam suke fita bishara tare a ƙafa. Tun da bishara ta shigo ƙasar Zuru a shekarun 1920, Hausa ce ta zama gadar da Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari suka haɗu a kai don yin waƙa ɗaya. Idan wata tsohuwa ta ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi a gidan biki ko gidan rasuwa, ba a tambayar ɗarika, kowa ya san amshi. Ashe kayan ginin suna nan a ajiye, hannun da zai ɗora su ne ya yi sanyi.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma shi ne zargi na biyu na dattijon nan. Za a ce bambancinmu ba na wasa ba ne, kuma haka ne. Littafin ɗan Katolika yana da littattafai 73, namu 66. Wasu suna yi wa jarirai baftisma, wasu sai mutum ya yi wayo ya furta da bakinsa. Wasu suna magana da harsuna a sujada, wasu suna ganin abin da ɗari-ɗari. Mafi zafi duka shi ne Jibin Ubangiji, domin abin da Fada ya gaskata yana faruwa a kan bagadi ba shi ne abin da fasto na ya gaskata ba, kuma dokar Katolika ba ta buɗe teburin ga kowa da kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba na roƙon a yi kitso da ƙwarƙwata, a taru a yi kamar babu saɓani. A nan ma finafinan sun koya mini wani abu, domin a cikinsu akwai nau'in haɗin kai mai ban tsoro, inda ake haɗa ƙwaƙwalwar halittu duka da na'ura ɗaya, kowa ya yi tunani iri ɗaya, ya yi magana da murya ɗaya, wanda ya bambanta a haɗiye shi. Kullum waɗannan su ne mugaye a labarin. Jaruman kuwa ma'aikatan kumbo ne guda, wannan likita, wancan injiniya, wata matuƙiya, suna gardama, wani lokaci ba sa ko ga maciji da juna, amma iskar da suke shaƙa ɗaya ce, kuma idan bango ya huje ba wanda zai ce ramin ba a ɓangarensa yake ba. Manzo Bulus ya riga masu fim faɗin wannan a 1 Korintiyawa sura 12, inda ya ce ido ba zai ce wa hannu ba ya bukatarsa ba.

Akwai labari na gaske da nake son ba ɗalibaina, ba ƙage ba. A jajibirin Kirsimetin 1968, mutum uku suna zagaya wata a cikin kumbon Apollo 8, wato Frank Borman da Jim Lovell da Bill Anders. An ce su faɗa wa mutanen duniya wani abu ta rediyo da talabijin, sai suka karanta ayoyi goma na farkon littafin Farawa, suna karɓa-karɓa. Anders ɗan Katolika ne a lokacin, Borman kuwa na ɗarikar Angilikan ta Amurka. Ba su warware saɓanin shekara ɗari huɗu da hamsin da ke tsakanin ɗarikunsu ba kafin su buɗe littafin, sun karanta abin da suka yi tarayya a kai ne kawai. Watanni bakwai bayan haka, a Yulin 1969, Buzz Aldrin, wanda dattijo ne a wata majami'ar Firesbiteriyan a Texas, ya ci Jibin Ubangiji a kan wata da gurasa da ruwan inabin da ikilisiyarsa ta ba shi. Shi kaɗai ya ci, abokin tafiyarsa Neil Armstrong yana gefe yana kallo cikin girmamawa. Ga tsarin da nake ganin zai yi mana: abin da za a iya yi tare a yi shi tare da murya ɗaya, abin da lamiri bai yarda ba tukuna kowa ya yi nasa, ɗan'uwansa ya tsaya kusa ba tare da raini ba. Don kada a ce na ɓoye rabin labari, shi Anders ya faɗa daga baya cewa ganin ƙanƙantar duniya daga can ya raunana bangaskiyarsa. Wannan ma dalili ne da ya sa bai kamata a bar yara su kalli sama su kaɗai ba, ba tare da makiyayi a kusa da zai amsa tambaya ba.

Wani abu kuma da nake jin tsoro a haɗin kai irin na fim shi ne yana bukatar abokin gaba kafin ya rayu, idan babu sai ya ƙirƙiro. A ƙasar Zuru da wuya ka sami gidan da ba shi da Musulmi da Kirista a zuriya ɗaya. Ƙanen mahaifina Musulmi ne, kuma 'ya'yansa biyu suna cikin masu zuwa kallo, idan an tashi addu'a su koma gefe su jira 'yan'uwansu a raka juna gida. 'Yan bindiga ba su tambayi addinin kowa ba lokacin da suka kore shanu suka ƙone rumbuna. Idan taruwarmu ta zama ta nuna yawa, ko ta ƙidayar ƙuri'a duk shekara huɗu, to ba ita ce Ubangiji ya roƙa ba a Yahaya 17 da ya ce dukansu su zama ɗaya. Dalilin da ya bayar a wurin shi ne domin duniya ta gaskata, bai ce domin duniya ta ji tsoro ba.

Ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne. Akwai mako na addu'a domin haɗin kan Kirista da ake yi a ƙasashe da yawa daga 18 zuwa 25 ga Janairu. Ya samo asali tun 1908, kuma tun 1968 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya da fadar Fafaroma suke shirya karatunsa tare. Na shekarar 2024 ma 'yan'uwanmu na Burkina Faso ne suka tsara shi, mutanen da ke fama da irin masifar da muke fama da ita. A wurinmu lokacin ya dace sarai, an gama girbin dawa, hidimar Kirsimeti ta wuce, hanyoyi sun bushe. Ina roƙon ku ɗauki waɗannan kwanaki takwas, kowace yamma a taru a majami'a dabam, mai masauki ya jagoranci sujada yadda ya saba, amma baƙo daga wata ɗarika ya yi wa'azi. A yi da Hausa, a bar wuri ga waƙoƙin C'Lela da sauran harsunanmu. Kada a kafa dogon tebur, kada a jira kowa, wanda ya makara ya zauna inda ya samu. A ba zumuntar mata lokacin da ya isa, domin su sun daɗe da haɗa kansu a gidajen haihuwa da na makoki ba tare da izininmu ba. A karanta nassi, a yi Addu'ar Ubangiji, a furta shaidar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a shekara ta 325, tun kafin a san sunan ko ɗaya daga cikin rarrabuwarmu ta yau. Maganar Jibi a bar ta ga kowace ikilisiya ranar Lahadinta, a kuma faɗa wa jama'a dalili a fili, don kada wani ya ɗauka wulaƙanci ne. Baikon da aka tara a kai shi ga 'yan gudun hijirar da ke zaune a cikin garin nan, ba tare da tambayar inda suke sujada ba, ko ma suna yi.

Za a ce tsaro bai ba da damar taron yamma ba. To a fara ƙarfe huɗu a tashi kafin magariba. Za a ce wasu za su yi amfani da damar su saci tumakin wasu. Wannan tsoro na gaske ne, na kuma san ya taɓa faruwa, maganinsa shi ne ku shugabanni ku yi wa juna alkawari tun kafin a fara, a gaban jama'a, cewa ba kiran canza majami'a a wannan mako. Zumunta a ƙafa take, kuma ina zaton da yawa daga cikin abin da muke faɗa game da juna zai ragu idan mutum ya taɓa zama a bencin maƙwabcinsa ya ji da kunnensa abin da ake koyarwa a can.

Game da majigi kuwa, ban nemi a sa mata albarka daga bagadi ba. Abin da nake roƙo shi ne kafin a yanke hukunci a zo a gani. Idan da abin da ya saba wa bangaskiya a cikin abin da nake nunawa, ku ne kuka fi ni sanin yadda za a bayyana wa yara, kuma zan karɓi gyara. Akwai tambayoyin da suke yi mini waɗanda suka fi ƙarfin malamin kimiyya, kamar ko mutum-mutumin da ya iya kuka yana da rai, ko kuma idan akwai wasu halittu masu hankali a wata duniya, mutuwar Almasihu ta shafe su. Na gaya musu iyakar abin da na sani game da nisan taurari da saurin haske, saura na ce zan tambayi iyayenmu.

Muna farawa ƙarfe bakwai da rabi na daren Asabar, mu tashi kafin goma. Idan sama ta yi garau kuma lissafi ya nuna tashar 'yan sama jannati ta ƙasa da ƙasa za ta ratsa ta kanmu, mukan fara taruwa da wuri mu fita fili mu kalle ta da ido, kamar tauraro mai tafiya ba ƙyaftawa, tana nisan kimanin kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90. Akwai kujeru biyu masu majingina a gidan, na ajiye su domin duk wanda ya fara zuwa daga cikinku.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, malamin makaranta,
Zuru, Jihar Kebbi.